Ranar da kifi ya cinye ni a Manila

Watana uku a Manila, babban birnin Filifin, abin ya faru. Akwai wata 'yar rumfar abinci a layinmu irin wadda suke ce wa karinderya, tukwane ne a jere kan tebur sai ka ɗaga murfi ka leƙa ka nuna wadda kake so, ni kuma da yake naman alade ya yi yawa a girkinsu kusan kullum tukunyar kifi nake nunawa. Matar da ke da wajen Ate nake ce mata, wato Yaya, haka ake kiran duk macen da ta ɗan girme ka. Ran nan da yamma na zo wucewa ta ɗago ta ce min “Kumain ka na?”, wai ka ci abinci? Su wannan kusan gaisuwa ce, kamar mu ce ya gajiya. Ni kuma ga rawar kai, ina so a san na fara jin yarensu Tagalog, sai na buɗe baki na ce “Opo, kinain ako ng isda.” Wallahi sai da matar nan ta ajiye ludayi saboda dariya, ta ƙwala wa ƙanwarta kira daga ciki ta maimaita mata, ita ma ta dasa tata. Nufina in ce na ci kifi. Abin da ya fito daga bakina kuwa shi ne kifi ya cinye ni. Tun daga ranar ta laƙaba min Jonas, sunan Annabi Yunusa kenan a wajensu, kuma sunan bai sake ni ba har na bar unguwar.

Abin da ya kamata in ce shi ne “Kumain ako ng isda.” Ka duba da kyau, kalmomin duk ɗaya ne, jerinsu ɗaya, ako ni kenan, isda kifi, babu abin da ya matsa daga wajensa. Saiwar kalmar ci ita ce kain, to bambancin kawai haruffa biyu ne da aka cusa mata a ciki, k-um-ain da k-in-ain, shikenan mai ci ya koma abin ci. Wannan shi ne abin da malaman makaranta a Filifin ke koya wa yara da sunan pokus ng pandiwa, pandiwa aikatau kenan, pokus kuma inda aka mai da hankali, kuma shi ne ke ba duk baƙo ciwon kai, ba yawan kalmomi ba, ba lafazi ba, don lafazinsu ma ga Bahaushe ba wani abu ba ne.

Kafin wani ya tambaya, Filipino da Tagalog in dai maganar nahawu ake yi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ƙasar tana da harsuna sama da 100, a 1937 shugaba Manuel Quezon ya ayyana Tagalog, harshen Manila da kewayenta, a matsayin tushen harshen ƙasa, a 1959 aka raɗa masa Pilipino, tsarin mulkin 1987 kuma ya ce Filipino. An canza suna an ƙara haruffa, amma aikatau ɗin yana nan daram.

To ga yadda na gane abin bayan na sha wuya. Sunaye a jimlar Tagalog kowanne da 'yar alamarsa a gaba. Akwai ang, akwai ng wadda ake furtawa nang, akwai sa, in kuma sunan mutum ne sai su koma si, ni da kay. A cikin duk sunayen da ke jimla guda ɗaya ake ɗora wa ang, ni nakan ɗauke ta kamar rawani, mutum ɗaya ake naɗawa a zama ɗaya. Amma ai rawani kaɗai ba ya gaya maka sarautar da aka ba mutum, Galadima ne ko Madaki, sai ka ji daga bakin sanƙira. To aikatau shi ne sanƙiran, shi ke fara fitowa a farkon jimla, kuma ɗafin da ke jikinsa shi ke shelar cewa mai rawanin nan da ke tafe shi ya yi aikin, ko a kansa aikin ya faɗa, ko dominsa aka yi, ko a wajensa aka yi, ko da shi aka yi. Wakilin suna ma haka, ni da rawani ako ne, ni babu rawani ko ne. Kwaɓar da na yi a rumfar Ate ita ce na naɗa wa kaina rawani da ako sannan na sa sanƙira ya yi shelar cewa mai rawanin shi aka ci. In lallai kinain nake so in faɗa, sai in sauke rawanin in ba kifi, in ce “Kinain ko ang isda.”

Ɗauki saiwar bili, saye. A ce Maria ta saya wa yaro ayaba a wajen wata 'yar tireda da canjin da ya rage mata, labari ɗaya ne amma Tagalog zai iya shigowa da shi ta ƙofa biyar. “Bumili si Maria ng saging”, Maria ce da rawani, -um- ya ce ita ta yi sayen. “Binili ni Maria ang saging”, yanzu si ta koma ni, rawani ya hau kan ayaba. “Ibinili ni Maria ng saging ang bata”, bata yaro kenan, i- ɗin da ke gaba ita ta nuna shi aka saya wa. “Binilhan ni Maria ng saging ang tindera”, -an ɗin ƙarshe ta nuna mai rawanin ita ce wadda aka saya a wajenta. Sai kuma “Ipinambili ni Maria ng saging ang sukli”, sukli canji ne, wato da shi aka yi sayen. A duk biyar ɗin Maria ce ta zaro kuɗi kuma ayaba aka saya, babu abin da ya canza a kasuwar. Sannan a bakin mutanen titi binilhan ɗin nan ita ce dai za ka fi ji ko da wanda aka saya wa ake nufi, “Binilhan ko siya ng sapatos”, na saya masa takalmi, kaga kenan littafi daban titi daban.

Mu Hausawa bai kamata abin ya firgita mu ba fa, don mu ma aikatau ɗinmu ba ya zama wuri ɗaya. Na sayi ayaba, na saye ta, abin da na saya, na sayo, na sayar, na saye duka, ba ta sayuwa, a nan Bature mai koyon Hausa yake kuka mu kuwa ko tunani ba ma yi. Cusa ɗafi a tsakiyar kalma ma muna yi, turmi turame, gurgu guragu. Kuma abin da ya fi taimaka min shi ne tuna yadda muke fitar da mai yanka, yankakke, mayanka da mayanki duk daga yanka ɗaya, mai yi da abin da aka yi wa da wurin yi da kayan yi. Ka ƙaddara Hausa ce ta wayi gari kowace jimla da irin waɗannan take farawa, a ce mai yanka rago Audu ne, yankakken Audu ragon nan ne, mayankin ragon wuƙar nan ce, to kusan haka kunnen mai Tagalog yake ji. Ba ƙirƙira na yi ba, akwai masanan da ke ganin asalin waɗannan siffofi na aikatau sunaye ne, kuma alamar tana nan har yau, -an ɗin da ke binilhan ita ce a tindahan kanti, paaralan makaranta, simbahan coci, kainan wurin cin abinci, sannan ko ɗin da ke kinain ko ita ce dai a bahay ko, gidana.

A makaranta yawanci pokus bakwai ake jera wa yara su haddace, tagaganap mai yi, layon abin da aka yi wa, tagatanggap wanda aka yi dominsa, ganapan wuri, kagamitan kayan aiki, sanhi dalili da direksyon inda aka nufa. Ni a ganina wannan lissafin ya fi amfani a ɗakin jarrabawa, don in ka duba ɗafin da kansu gida huɗu ne kawai, gidan mai yin aiki wato -um- da mag- da 'yan uwansu, sai -in, sai -an, sai i-. Matsalar ita ce ko da abin da aikin ya faɗa wa kake son naɗawa ba kullum -in ba ne. Abin da aiki ya cinye ko ya canza gaba ɗaya ya fi ɗaukar -in, kainin a ci, inumin a sha, basagin a fasa, patayin a kashe. Abin da aka miƙa ko aka jefar, wato ya bar hannunka, ya fi ɗaukar i-, ibigay a bayar, itapon a zubar, ilagay a ajiye. Abin da aka taɓa samansa kawai ya fi ɗaukar -an, hugasan a wanke, punasan a goge, buksan a buɗe. Na ce ya fi ne, ban ce dole ba, akwai masu taurin kai da yawa, shi ya sa duk saiwar da ka koya gara ka haddace ta tare da ɗafinta kamar yadda ake haddace suna da jam'insa a Hausa, ba wanda zai ba ka dokar da ta sa jaki ya zama jakuna amma doki ya zama dawaki.

Yanzu ga inda littattafai suka ɓatar da ni. Limaman cocin Sifaniya ne suka fara rubuta nahawun Tagalog, na Francisco Blancas de San José ya fito a 1610, kuma da ma'aunin Latin suka auna harshen, sai suka ce -um- da mag- su ne aikatau na ainihi, sauran ukun kuma nau'o'i ne na jimlar da ake juyawa a ɓoye mai yi, irin wadda mu muke yi da an, an ci kifi, an fasa kofi. Masanin harshe Leonard Bloomfield ma a 1917 kusan a kan wannan layin ya tafi. Wanda ya koyi Tagalog ta hanyar Turanci har gobe haka ake fassara masa, sai ya ɗauka kinain wata jimla ce ta ƙawa da ake yi jefi-jefi, ya rungumi kumain da bumili ya yi ta tafiya, ni ma haka na yi wata da watanni ina magana ana gane ni amma ana jin wani bambaraƙwai. Alhali in ka saurari hira, in dai akwai takamaiman abin da aikin ya faɗa wa, waccan da aka ce juyayya ce ita ta fi yawa a baki. Kuma ba a ɓoye mai yin, yana nan manne da aikatau. Umarni ma da ita ake bayarwa, “Kunin mo” ɗauka, “Buksan mo ang pinto” buɗe ƙofar, “Kainin mo na” ci mana. Masoya ma da ita suke magana, “Hihintayin kita” zan jira ki, “Tatawagan kita” zan kira ki, kita ɗin nan kalma ɗaya ce da ta haɗe ni mai yi da ke mai rawani. Ta ya za a ce jimlar da ake aiken yaro da ita ake zance da ita wai ita ce ta gefe? Paul Schachter, wanda shi da Fe Otanes suka fitar da babban nahawun Tagalog a 1972, ya nuna cewa aikin da suna ɗaya ke yi a jimlar Turanci a Tagalog raba shi aka yi, wani ɓangare na mai yi wani na mai ang, kuma har yau masana ba su gama musu a kan sunan da ya dace da tsarin ba.

Ita kanta kalmar pokus tana yaudara, sai ka ɗauka wanda kake son jaddadawa shi ake ba ang. A'a. Yawanci mai ang shi ne wanda ni da kai muka riga muka san da shi. “Kumain ako ng mangga” na sha mangwaro, kowanne ne. “Kinain ko ang mangga” na shanye mangwaron, wancan da ka ajiye a firji kake ta nema. Bambancin mangwaro da mangwaron da mu muke yi da harafi ɗaya a ƙeyar suna, su sai sun canza aikatau ɗin ɗungurungum. Shi ya sa in mutum ne sananne aikin ya faɗa wa kusan ba ka da zaɓi, “Tinawag ni Maria si Pedro”, Maria ta kira Pedro, haka ake faɗa.

Wajen tambaya kuma nan ne zaɓi ke ƙarewa gaba ɗaya. In za ka ce wa ko me, dole aikatau ya yi shelar shi wannan da kake tambaya a kai. “Sino ang bumili ng saging?” wa ya sayi ayaba. “Ano ang binili ni Maria?” me Maria ta saya. Ba za ka tambayi abin da aka saya da bumili ba, in ka ce “Ano ang kumain?” tambaya kake wace dabba ce ta ci, ba me aka ci ba. Haka in za ka ce matar da ta saya, ang babaeng bumili, ayabar da aka saya kuma ang saging na binili. Nan ne na ji kamar ina gida, don mu ma ai sun sayi ayaba muke cewa amma su wa suka saya, ayaba suka saya, ayabar da suka saya, sun ya koma suka, suna ya koma suke, a daidai waɗannan wuraren uku, tambaya da jaddadawa da jimlar da. Shi Schachter ɗin ma a wani rubutu na 1973 ya jera Hausa da Akan na Ghana da Ilonggo na Filifin wuri ɗaya saboda wannan kamar. Ba dangi ba ne ko kusa, kowa dai ya bi hanyarsa aka haɗu a mararraba.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ake tsoro amma a gaskiya ta fi sauƙi. Suna kiranta aspekto, kuma maɓalli biyu ne kawai. Na farko, an fara aikin ko ba a fara ba. Na biyu, ya ƙare ko da saura. In an fara, m ɗin mag- sai ta koma n. In da saura, sai a ninka gaɓar farko ta saiwa. Ɗauki luto, girki. Magluto a dafa, babu ko ɗaya. Nagluto an fara kuma babu ninki, wato an gama. Nagluluto an fara ga ninki, ana kan yi. Magluluto ba a fara ba ga ninki, za a yi. Shikenan fa. A gidan -in da -an da i- kuma alamar an fara ita ce -in- da ake cusawa a ciki, basahin a karanta, binasa, binabasa, babasahin, ka lura -in ta ƙeya tana faɗuwa da zarar ta ciki ta shigo, amma -an ba ta faɗuwa, buksan, binuksan, binubuksan, bubuksan. I- ma tana nan a rubuce, ibigay, ibinigay, ibinibigay, ibibigay, sai dai a baki kowa binigay yake cewa ya huta. Gidan -um- ne mai ɗan rikici, kumain na nufin a ci kuma na nufin an ci, kumakain ana ci, amma za a ci kakain ne, -um- ɗin ya ɓace ɓat.

Ninkin nan shi ya haifi barkwancin da duk mai koyon harshen sai an gwada masa. Saiwar sauka baba ce, za a sauka bababa, alamar tambaya kuma ba. To mutum ya tsaya a ƙofar lifta ya ce “Bababa ba?”, na ciki ya ce “Bababa.” An yi cikakkiyar hira, ni kuwa ranar farko na ɗauka wani ke kiran tsohonsa.

Kuma kamar Hausa, ba agogo suke bi ba, yanayin aikin suke bi. “Kumakain ako kahapon nang dumating siya”, jiya ina cin abinci ya zo, kumakain ɗin ba ta ce yanzu ba kamar yadda ina ɗinmu ba ta ce yanzu ba. Akwai ma wata siffa da suke kira katatapos, ta abin da aka gama yanzun nan, “Kararating ko lang”, wadda in ka fassara ta kalma da kalma zuwana kenan za ka samu, har da na ɗin mallaka, kuma a cikinta ba a naɗa wa kowa rawani. Saiwar dating ce, d ta koma r don ta faɗa tsakanin wasula biyu. Irin waɗannan ƙananan sauye-sauyen suna da yawa, bili ta ba da bilhin ba bilihin ba, bigay ta ba da bigyan, kuha ɗauka ta ba da kunin wadda ko kama ba su yi, in saiwa ta fara da l ko y kuma -in- takan fito waje ta juye ta zama ni-, niluto, niyakap. Waɗannan kunne ne ke koya maka su.

Tambayar da kowa ke yi ita ce yaushe -um- yaushe mag-, tunda duka na mai yi ne. Wasu saiwoyin ɗaya kawai suke karɓa, magluto da maglaba wanki, tumakbo gudu, ba dalili sai hadda. Wasu suna karɓar duka biyun ma'ana kusan ɗaya, sumulat da magsulat. Amma akwai wani rukuni da Bahaushe zai gane nan take tun kafin malami ya rufe baki. Lumabas fita, maglabas fitar da. Pumasok shiga, magpasok shigar da. Bumaba sauka, magbaba saukar da. Bumili saya, magbili sayar, ko da yake yanzu magbenta da aka aro daga Sifaniyanci ta fi yawo. Wato -um- kai ne ka motsa ko ka jawo abu gare ka, mag- kuma wani abu ka tura waje, ita ce -ar da ɗinmu sak. A ajinmu akwai 'yan Indiya da 'yan Koriya ana ta zana musu kibiya a allo, ni ina zaune ina murmushi. Sai mang- wadda ke haɗiye baƙin farko, mang da bili su ba da mamili yin cefane, mangisda kuma kamun kifi.

Wanda na fi so duk cikinsu shi ne ma-, don shi ke raba ganganci da tsautsayi. “Binasag ko ang baso” na fasa kofin, da niyya. “Nabasag ko ang baso” kofin ya fashe a hannuna. In ka yi ɓarna a gidan mutane ka ce binasag to ka amsa laifi da bakinka. “Naiwan ko ang susi” na manta makullin, “Iniwan ko ang susi” na bar shi da sanina, “Iniwan niya ako” kuma ya tafi ya bar ni, wannan kullum sai ka ji ta a wasanninsu na talabijin ana sharɓar hawaye. Abin mamakin shi ne siffar niyya ba ta yi alkawarin an yi nasara ba, za ka iya cewa “Binuhat ko ang kahon pero hindi ko nabuhat”, na ɗaga akwatin amma bai ɗagu ba, kuma ba wanda zai ce ka yi tufka da warwara, kamar dai yadda Hausar ma ta zauna daidai. Sai pa- na sa wani ya yi, “Nagpagupit ako” na je an yi min aski, “Pinakain ako ni Ate ng isda” Ate ta ciyar da ni kifi, ka ga nan ako ne da -in- kamar ranar abin kunyata amma pa- ta cece ni. Ika- na dalili, “Ikinatuwa ni Nanay ang balita” labarin ya faranta wa Mama rai. Paki- na roƙo, wanda a cikin jeepney, motar hayarsu, za ka fara koyonsa don kuɗin mota hannu da hannu yake bi har ya isa ga direba, ka miƙa wa na kusa da kai ka ce “Pakiabot po.”

Abin da ya tabbatar min tsarin nan a jininsu yake ba a littafi ba shi ne yadda suke yi wa kalmomin Turanci. Mu in muka ari kalma yawanci sai mu jingina ta da yi, na yi cajin waya, kalmar tana gefe ba a taɓa ta ba. Su kuwa kamo ta suke su fasa ta su cusa mata ɗafi a ciki. “Nag-text ako” na tura tes, “Tinext ko siya” shi na tura wa, t-in-ext, an raba kalmar Bature gida biyu. “Pinost niya ang picture”, “I-download mo”, “Magda-download ako” har da ninkin gaɓa. Yaron da rabin maganarsa Turanci ce, wanda dattawa ke cewa ya lalata harshe, ba zai taɓa kuskuren sa nag- inda -in- ya kamata ba. Tsarin kuma ya girmi Tagalog ɗin kansa, akwai irinsa a wasu harsunan Filifin kamar Cebuano da Ilokano da Kapampangan, a harsunan 'yan asalin Taiwan, a arewacin Borneo, har Malagasy na Madagaska nan gefen Afirka, don duk dangi ɗaya ne.

Ko a cikin Tagalog ɗin ma ba baki ɗaya ake ba. Can wajen ƙarshen shekarata ta biyu wani ɗan ajinmu ɗan Batangas, kudu da Manila, ya gayyace ni gidansu hutun ƙarshen mako, muna cikin bas sai ya juyo ya ce “Nakain ka ga ng isda?” Ni a Tagalog ɗin Manila da na sani nakain ka ng isda kifi ya cinye ka ne, tsautsayi ma kuwa, sai na ji raina ya ɗan ɓaci, na ce wato labarin Jonas har ya bar layinmu ya iso makaranta, na tambaye shi wa ya gaya masa. Ya kalle ni bai gane komai ba. Ashe su a Batangas ba sa cewa kumakain, nakain suke cewa da ɗan jan na ɗin farko, ba ta tambaya kuma ga suke ce mata, bawan Allah tambayata kawai yake ko ina cin kifi don ya yi wa babarsa tes ta san abin da za ta ɗora.